Yadda Na Kare Zabiya Dije Har Aka Je Yi Mata Ta'aziyya

Cikin ranakun aikina duka, wadda ba ta taɓa barin kaina ba ita ce wata Talata, bayan an gama yankan shinkafa, da mawaƙiyar da nake kare wa haƙƙi ta zo ƙofar birona, wato ofishina, da mata shida da ƙorai, ta zauna ta yi mini zambo tun hantsi har azahar. Tun da ku da kuka shigo aikin nan bayanmu kun ce in ba ku labarin da bakina, to ga shi, domin wanda ake bayarwa a tasha an cika masa gishiri. Ban suma ba, kuma ban gudu ta taga ba. Tagar biron ma ko kyanwa sai ta yi dabara kafin ta bi.

Ni Bagobiri ne. Aikin koyarwa ya kawo ni Gaya ta yankin Doso ina saurayi, na yi shekara talatin da ɗoriya riƙe da alli, shi ya sa har yau ba mai kirana sai da Mushe Labo, yadda ake kiran malamin lekwal a wajenmu. Da na ajiye alli sai aka shiga neman wanda zai zama wakilin hukumar da ke kula da haƙƙin mawaƙa da marubuta a yankin nan. Sharaɗi biyu ne: ya iya rubuta rapor, wato rahoto, ba kuskure, kuma kada ya cika tambayar albashi. Na cika su duka. Aka ba ni ɗaki guda, da teburi, da littafin resi na shaidar biya, da hatimi.

Ga wanda bai san aikin ba, ga yadda yake. Mawaƙi zai zo ya yi rajista da hoto biyu, da takardar haihuwa, da jerin waƙoƙinsa. Masu amfani da waƙa don neman kuɗi, kamar gidan rediyo ko otal ko mai shirya babban taro, su biya wani abu. Wakili ya ba su resi, ya aika kuɗin Doso, Doso ta aika Yamai, Yamai ta raba wa masu waƙa. A takarda ko ɗan aji uku zai gane. Abin da takarda ba ta hango sosai ba shi ne masu tura waƙa. Waɗannan su ne mutanen da ke zaune cikin ƴan rumfuna a tasha da kasuwa da hanyar gadar iyaka, kowa da ordinatar, wato kwamfuta, gabansa. Ka miƙa salularka ko ɗan katin memuwar, ka ba da dala ashirin ko arba'in, a cika maka shi da waƙoƙin da za su kai ka Kwatano su dawo da kai ba ka maimaita ko ɗaya ba. A garin da rabin mazansa ke kwana a kan hanya, wannan sana'a ce babba. Mawaƙi kuwa ko dala ba ya gani daga ciki.

A shekarata ta biyu aka kira mu taron horo na kwana uku a Doso. Wani masani ya zo daga Yamai da na'urar haska allo, ya ce zamanin kaset ya wuce, na faifai ma ya wuce, ɓarawon waƙa na yanzu ba ya ɗaukar kaya a ka, abin da ya sata bai fi farcen yatsa girma ba. Ya bayyana mana dabarun da ƙasashe ke gwadawa. Wasu suna ɗora ɗan haraji a kan salula da kati tun a duwan, wato kwastan, a tara wa masu fasaha. Wasu suna yanka wa masu tura waƙa kuɗin wata. In duk ya gagara, a hana su tura waƙar wanda ya yi rajista. Na farkon ya fi ƙarfin wakili, na biyun yana son haƙuri da ciniki. Ni kuwa tsohon malami ne. Cikin darasi duka, ɓangaren horo na fi saurin ganewa. Na dawo Gaya da shi a aljihu kamar sabuwar bulala.

Amma kafin ka kare mawaƙi sai kana da mawaƙi. A lokacin littafina fari fat yake, ba ko mutum ɗaya. Don haka na hau kabu-kabu na tafi Tanda wajen Zabiya Dije.

Dije ta ba shekara sittin baya. Bazabarma ce ta wajen uba, tana waƙa da Hausa da Dandanci, mata shida na buga mata ƙwarya suna amshi. Ba direban da ke bin hanyar nan da bai san muryarta ba. Kun san kuma abin da ke tsakanin Bagobiri da Bazabarme: wasa ne na kakanni, duk abin da ɗaya ya faɗa wa ɗaya sai dai ya haɗiye. Ku riƙe wannan, domin shi ya hana ni kai ƙara daga baya.

Na same ta tana sheƙar shinkafa. Ta dube ni daga hula har takalmi ta ce, “Bagobiri da jaka? Wa aka aiko ka ka sata?”

Na ce, “Inna, arziki na kawo miki. Gwamnati ta ce duk inda aka sa waƙarki a biya ki.”

“Ko ina kwance?”

“Ko kina kwance.”

“Zauna. Ku kawo masa ruwa, yau bawana ya zo da magana mai hankali.”

Na fito da takardar cikewa. Layi na farko: sunan waƙa. Ta ce waƙarta ba ta da suna, sunan wanda ake yi wa ita take ɗauka, gobe in wani ya fi shi kyauta ta koma tasa. Layi na biyu: tsawon waƙa, minti nawa. Ta ce, “Ya danganta da aljihun mai biki. Akwai wanda na yi wa har rana ta faɗi. Akwai wani tela da ko amshi ba a kai ba na tsaya.” Layi na uku: shekarar da aka ƙirƙira. Ta ce shekarar da ruwa ya ci gonar ƙaninta. Na tambayi wace shekara ce, ta ce ai ruwa ya ci gonar sau huɗu, in zaɓi wadda ta yi mini. Haka muka yi har na raɗa wa waƙoƙi goma sha ɗaya suna da kaina, kamar mai suna a gidan da aka haifi ƴaƴa da yawa rana guda. Ta dangwala yatsa. Na dawo ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi.

A nan kuskurena yake, kuma zan faɗe shi a fili. Na gaya mata abin da za ta samu. Ban gaya mata abin da zan yi ba, ban kuma tambaye ta komai game da yadda take cin abinci da waƙar ba. Na ɗauka na sani, tun da na je Doso.

Litinin ta gaba na sa riga mai aljihu huɗu, na ɗauki wasiƙa mai hatimi, na nufi tasha. Masu tura waƙa suna da sandika, wato ƙungiya tasu, shugabansu wani magidanci ne mai sanyin magana, Idi, wanda ake ce wa Idi Memuwar. Tsohon ɗalibina ne ma, ya zauna aji ɗaya shekara biyu. Ya tashi ya ba ni kujerarsa. Na tara su, su goma sha wani abu, na karanta musu wasiƙar a hankali, ina tsayawa a kowane waƙafi kamar malami mai ba ɗalibai dikte. Na ce daga yau waƙoƙin Zabiya Dije suna ƙarƙashin kariyar hukuma. Ko su biya kuɗin izini, ko su goge su daga ordinatar, wanda aka kama kuma a ci shi tara.

Idi ya sosa ƙeya ya ce, “Mushe, ba gardama nake ba. Amma ka tambayi Inna Dije?”

Na ce, “Idi, tun kana aji biyar kake tambaya kafin a gama bayani. Inna Dije ta dangwala yatsa.”

“Na ji, Mushe. Amma ka tambaye ta?”

“Doka ta riga ta tambaye ta.”

Suka dubi juna. Ba wanda ya yi musu. Mutum yana da waƙoƙi dubbai cikin inji, an ce ya biya saboda goma sha ɗaya ko ya goge su. Ko Idi da ya maimaita aji bai sha wuyar wannan lissafi ba. A gabana suka goge su ɗaya bayan ɗaya. Na koma biro na rubuta rapor shafi uku. Shugabana na Doso, wanda muke kira Shef, ya kira ni ya ce aikina abin koyi ne, za a karanta shi ga sauran wakilai.

Mako shida ban ji komai ba. Na ɗauka shirun nasara ne.

Abin da ke faruwa cikin shirun nan, daga baya na tattara shi. Direba ya zo cika kati ya ce a sa masa Dije, a ce babu. Me ya sa? Idi da mutanensa, don gudun tara, sai su ce, “Kai dai babu, kada ka ja mana.” Direba ya hau mota da wannan amsa, ga hanya mai tsawo, ga abokan hira a kowane shinge. Kafin labarin ya kai Malanbil ya rabu biyu. Wasu suka ce gwamnati ta hana waƙar Dije saboda ta taɓa wani babba. Wasu suka ce ai rasuwa ta yi, shi ya sa aka ɗauke waƙoƙin don girmamawa. Gurbin da ta bari cikin katuna kuma wata matashiyar mawaƙiya daga tsallaken iyaka ta cike shi, mai kiɗan fiyano da murya kamar ana matse agwagwa cikin tulu.

Lokacin kaka ne, lokacin da ake biki da suna da walima. A irin wannan wata salular Dije ba ta hutawa. Bana ta yi tsit, har ta aika a duba mata ko ta lalace. Babban abin kuwa shi ne walimar Alhaji Hamidu mai kamiyo, wato manyan motocin kaya. Al'adarsa ce duk shekarar da ya sayo sababbin motoci ya tara jama'a a garaj ɗinsa, a yi addu'a, a ci abinci, Dije ta yi waƙa, direbobi da ƴan kasuwa su yi ta liƙi. Tun motarsa ta farko ita ke yi masa. Abin da take samu a yinin nan shi ne geron shekara na gidanta da gidajen matan nan shida. Bana Alhaji ya sayo motoci uku. Saura kwana tara, goron gayyata bai zo Tanda ba. Zabiya mai daraja irinta kuwa ba ta zuwa ta ce a gayyace ta. Ran da ta yi haka ta zama maroƙiyar bakin kasuwa, kuma ba ta sake dawowa matsayinta.

To, ranar Talatar nan ina zaune ina jan layi a littafin resi sai na ji ana sauke kaya a waje. Na leƙa. Mata shida sun shimfiɗa tabarmi a inuwar itacen bedi, sun kife ƙorai, ɗaya ta cika babbar ƙwarya da ruwa ta kife ƙarama a ciki. Dije na tsakiya ta sha ɗaurin kallabi. Na fito da fara'a na ce, “Inna, sannu da zuwa. Ai da kin aiko.”

Ta ce, “Matattu ba su aike, Bagobiri. Da kansu suke zuwa.”

“Subhanallahi, wane irin matattu?”

“Jiya mutum uku suka zo daga Yelu yi wa ƴaƴana ta'aziyya. Ni na shimfiɗa musu tabarma. Ɗaya da ya gane ni ya zura da gudu ya bar takalminsa, har yanzu yana can. Goron da suka kawo da kuɗi jika biyu na riƙe, tun da da sunana aka kawo.”

Na fara bayani. Na ce ai kare ta nake daga ɓarayi, Idi da mutanensa shekara da shekaru suna cin guminta ba su ba ta ko dala.

Ta dafe ƙirji. “Idi? Idi ne ɓarawon? Kai, ku ji mini mai ilimi! Ni nake biyan Idi!”

Na ce, “Na'am?”

“Duk kaka sai na aika masa tiya goma ta shinkafa da zabi biyu, don ya sa waƙata a farkon kati, direba na tayar da mota ni zai fara ji. Wa kake tsammani ya kai muryata Kamba? Kai? Da jakarka? Mutum ya ji ni a mota, in zai aurar da ɗiya ya ce a nemo mai muryar nan. A can nake cin abinci. Shekara ashirin ina gina hanya, ka zo yini ɗaya ka toshe ta da hatimi.”

Wannan ba a koya mana shi a Doso ba. Ita kuwa ba ta jira ba. Ta ɗaga hannu, ƙorai suka ɗauka, ta sa murya:

Mushe mai hatimi, Bagobiri mai tsage,
Ya zo taimako ya liƙe mini rumbu.
Ya ce zai tsare ni, ya tsare mini baki,
Ya binne ni da rai, ya aika rapor Doso.

Matan suka amsa: “Buga, Mushe, buga!” Kowane “buga” kuma sai su sauke hannu a kan ƙwarya daidai yadda nake sauke hatimi a kan takarda. Ban san a ina suka lura da ni haka ba. Waƙar ta bi ta kan rigata mai aljihu huɗu, ta bi ta kan kekena, ta shiga tarihin Gobirawa ta fito, ba abin da ta bari. A matsayina na wanda ya koyar da nazarin waƙa, dole in ce tsarinta ba shi da aibi. Kafin azahar ƴan kabu-kabu sun rufe titi, masu tallar kifi sun sauke tire, kuma duk inda na duba hannu ne sama riƙe da salula ana ɗauka.

Na shiga ciki na rufe ƙofa na kira Shef. Na ce masa akwai matsala: mawaƙiyarmu ita ke biyan wanda ke satar waƙarta.

Ya ce, “Mushe Labo, wane kiɗa nake ji a bayanka?”

Na ce, “Ita ce, Shef. Ta kawo ƙorafi.”

“A rubuce?”

“A'a. Da amshi.”

Na tambaye shi ko za a iya cire ta daga rajista yau. Ya ce sai ta rubuta wasiƙa, a jira wata uku. Na ce walima saura kwana tara. Ya ce, “To me ya kai ka cire ta? Mai waƙa tana da ikon ba wanda ta so izini, kai kuma ka daidaita da su kan kuɗin wata. Ai an yi bayanin wannan ranar ƙarshe da yamma.” Na tuna yammar. Ita ce lokacin da ake raba kuɗin zama a ɗakin da ke kusa, kuma in faɗi gaskiya ba wakili ɗaya da hankalinsa ke kan allo.

Kwana uku bayan haka ba rumfar da ba a tura “ta Mushe”. Direbobi suna layi. Na ji ta a gidan mai, na ji ta a bakin gada, na ji ta a salular wani jandarma da ya tsayar da ni ya ga takardun keke, ya dube ni ya dubi salular, ya sara mini ya ce in wuce. Zancen rasuwa ya mutu. Amma goro bai je Tanda ba har yanzu.

Sai na cire girman kai na tafi garaj ɗin Alhaji Hamidu. Na same shi zaune a kan benci yana kallon ana wanke sababbin motocin. Da ya gan ni ya yi ta ƙoƙarin riƙe dariya har tari ya kama shi.

Na ce, “Alhaji, Dije na nan da ranta.”

Ya ce, “Na ji, Mushe. Wani direbana ya ce wai yanzu inji na iya kwaikwayon muryar mamaci, na ce masa inji bai san zagin Bagobiri haka ba. Amma an ce gwamnati ta hana ta. Ni kuwa motocin nan uku takardunsu ba su gama fitowa ba. Ba zan tara jama'a in kawo wadda aka hana ba, gobe a tsayar mini da kaya a shinge a ce ina da wata manufa.”

Na rantse masa ba wanda ya hana ta. Ya ce shekara arba'in yana bin hanya, bai taɓa wuce shinge da rantsuwa ba. Takarda yake so mai hatimi. Kuma in zo walimar da kaina in zauna a gaba inda kowa zai gan ni, don in wani ya yi magana a nuna masa gwamnati na nan zaune. Na ce na yarda, amma shi ma mai shirya taro akwai abin da doka ta ce ya biya. Ya ce, “Da resi?” Na ce da resi. Ya ce, “To me ake jira?” Ɗan kasuwar Gaya ba ya ƙin biya in za a ba shi takarda. Abin da ya tsana shi ne biyan da ba shaida.

A gwiwata na rubuta masa cewa ni, wakilin hukuma, na shaida Zabiya Dije ta Tanda tana raye kuma ba a hana ta komai ba. Ita ce takarda mafi ban mamaki da na taɓa sa wa hannu. Da yamma ya aika goro ƙwarya guda Tanda.

Washegari na tara Idi da mutanensa, Dije ma ta zo. Na ce musu sabuwar waƙar nan ta mawaƙiyar hukuma ce, don haka zancen bai sake ba: ko a biya, ko a goge. Wannan karo ba wanda ya ambaci gogewa. Idi ya ce, “Mushe, in na goge ta Mushe direbobi za su ƙone mini rumfa.” Muka yi ciniki kamar na akuya, su ja ni ja, har muka tsaya a kan ɗan kuɗin wata da kowace rumfa za ta iya. Dije ta dangwala yatsa cewa ta yarda a tura waƙoƙinta duka. Idi ya ce, “To Inna, shinkafa da zabi fa?” Ta ce, “Wannan tsakanina da kai ne, ba ruwan gwamnati. Ka dai mayar da ni farkon kati.” Wato ita tana biyan Idi, Idi yana biyana, ni ina aikawa Yamai, Yamai tana biyanta. Na so in zana wannan cikin rapor, kibiyar ta zagayo ta ciji wutsiyarta, na haƙura na rubuta shi da kalmomi.

Ranar walima bayan la'asar aka ajiye mini kujera a gaba, tsakanin Alhaji da liman. Dije ta yi wa Alhaji tasa, ta yi wa motocin ɗaya bayan ɗaya, liƙi na zuba har matan suka koma tarawa cikin zane. Sannan direbobi suka fara ihu: “Ta Mushe! Ta Mushe!” Ta juyo ta tsaya a gabana ta yi ta tun daga farko, da ƙarin baitoci biyu da ban taɓa ji ba. Da ta kai ƙarshe ba ta matsa ba. Na yi kamar ina duba agogo.

Ta ce, “Jama'a, kun taɓa ganin wanda aka yi wa waƙa har ta tsallaka ƙasa uku, ya zauna hannunsa cikin aljihu?”

Na ce, “Inna, zagina fa kika yi.”

Ta ce, “Kafin in zage ka wa ya san ka a Kwatano?”

Liman ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Na tashi na liƙa mata jika biyar a goshi, rabin abin da na ware don gyaran keke. Ta ɗaga takardar sama ta nuna wa jama'a ta ce, “Ku shaida, yau Bagobiri ya yi kyauta. Gobe a duba sama.” A daren farko na sati mai zuwa amalanke biyu suka kai gero Tanda.

Kasonta daga Yamai ya iso bayan fiye da shekara. Bai kai abin da Alhaji ya liƙa mata a baiti ɗaya ba. Na kai mata ina jin kunya. Ta ƙirga sau biyu, sannan ta ce tun tana yarinya ba ta taɓa karɓar kuɗin waƙa ba sai maƙogwaronta ya yi zafi, ran nan ne na farko. Ta ce wata rana murya za ta ƙi, ƙafa ma za ta ƙi zuwa biki, in wannan ƴar ambulan za ta ci gaba da zuwa to ba banza ba ce. Ba ta yi mini godiya ba, ba a yi wa Bagobiri godiya, amma ta sa aka kama mini zakara.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Aikinmu gaskiya ne: wanda ke cin abinci da waƙar wani ya kamata ya ba mai ita wani abu, kuma ranar tsufa mai waƙa zai bukaci wannan abin. Amma dokokin da muke ɗauka a jaka an rubuta su ne ana tunanin mawaƙin da ke sayar da waƙarsa. Namu da yawa ba waƙar suke sayarwa ba. Waƙar ɗan aike ce, ita ke zuwa ta kira musu biki. Wanda muka ɗauka ɓarawo sau da yawa shi ne ke ɗaukar ɗan aiken a kyauta, kuma in ka zauna da shi ka yanka masa abin da zai iya, zai biya, ya ma liƙa resin a bangon rumfa yana alfahari. Don haka kafin ku karanta wa kowa wasiƙa a tasha, ku je gidan mai waƙar, ku ajiye jaka, ku tambaye shi ta wace ƙofa abincinsa ke shigowa, ku kuma bari ya gama ba ku amsa. Ni ban yi tambayar ba sai da aka ba ni amsarta da ƙwarya, kuma har gobe in na shiga mota zuwa Doso, ba mu wuce shingen farko sai direba ya leƙo ni ta madubi, ya miƙa hannu ya ƙara murya.